Ranar da Muka Kwashe Jaridar Baba Liyang

Wheaton, biyar da kwata na asuba

Ranar Asabar ce, a lokacin da ganyen itatuwa ke zuba kuma sanyi ya fara cizo. Na fito daga gidana da ke Wheaton gari bai waye ba, na tarar Baba Liyang ya riga ni. Yana tsaye jikin motata da kwat da hular sanyi, riƙe da tocila da safar hannu a leda.

Baba Liyang maƙwabcina ne, ɗan asalin China, ya haura tamanin. Ni kuwa ma'aikacin sashen Hausa ne a wani gidan rediyo a Washington. Shekarar da na zo ƙasar nan, shi ya koya mini yadda ake kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida ba tare da mutum ya karya ƙugu ba. Tun daga nan yarana suka sa masa Baba, sunan kuma ya bi shi.

Kwana uku kafin tafiyar nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya ce akwai jaridar da ya yi wa aiki duk ƙuruciyarsa, wadda take fitowa kullum da harshensu. Ta daina fita shekarun baya. Tsofaffin fitowarta, waɗanda aka ɗinke shekara-shekara kamar manyan littattafai, suna ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan abinci a Unguwar Sinawa. An sayar da ginin, ranar Litinin masu gyara za su zubar da duk abin da suka tarar. Ɗakin karatu na wata jami'a ya yarda ya karɓa, in an kai kafin ƙarfe uku na ranar Asabar.

"Ba ni da mota, ba ni da ƙarfi," in ji shi. "Kai ɗan jarida ne. Na ce ko za ka gane."

Na ce masa Allah ya kai mu Asabar.

Lanham, shida saura ashirin

Motata ba za ta ɗauki kayan ba, don haka muka bi babbar hanyar da ta kewaye Washington zuwa Lanham, tafiyar mil goma sha biyar, wurin Alhaji Idirisu. Mutumin Kumasi ne, yana da babbar motar ɗaukar kaya da yake kai wa shagunan Afirka doya da manja. Muka yi sallar asuba a falonsa, Baba Liyang yana zaune a kujera hularsa a gwiwa. Uwargidan Alhaji ta kawo wake da shinkafa irin nasu da yaji baƙi. Baba Liyang ya ci cokali biyu, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce a ƙaro.

Alhaji ya dube ni ya ce da Hausa, "Malam, wai takardu kawai za mu ɗauka? Na bar kasuwar Asabar saboda takardun da ko kai ba ka iya karantawa?"

Na ce, "Alhaji, lada za ka samu."

"To, Allah ya sa motar ma ta samu, don ƙafarta ta baya tana ƙara."

Shida da rabi muka tashi, mu uku a gaba, tsohon a tsakiya.

Kan hanyar shiga birni

Mil goma sha biyu ne daga Lanham zuwa Unguwar Sinawa, kuma a cikinsu na ji yawancin tarihin jaridar. Wani dattijo mai suna Fong ne ya kafa ta a ɗaki ɗaya a saman wani shagon wanki da guga. Shafi huɗu ce. Baba Liyang ya shiga yana saurayi, bai fi wata biyu da sauka ƙasar ba, aka sa shi jera haruffa.

Ya ce rubutunsu ba kamar boko ba ne. Kowace kalma da nata harafin, an zuba shi da dalma, dubbai a jere cikin akwatuna tun daga ƙasa har rufi. Mai jerawa yana zagaye ɗakin da faranti a hannu yana tsinto su ɗaya-ɗaya. "Kafin in gama shafin farko na yi tafiyar da ta fi wannan da muke yi," in ji shi.

Alhaji ya tambaya, "Me kuke rubutawa kullum-kullum haka?"

Ya ce labarin gida yana zuwa a makare, wani lokaci sai ya kwana goma a hanya. Amma ba don shi ake sayen jaridar ba. Shafin baya ake nema: ina ake neman mai wanke kwanuka, wa ke da ɗakin haya, wa ya rasu, yaushe za a binne shi, yaya ake cike takardar zama ƙasa. Akwai masu cigiyar ɗan'uwa da suka rabu tun a jirgin ruwa. Siyasar gida kuma ta biyo su har nan. In sun buga labari, ɓangare ɗaya ya yi fushi, in sun ƙi bugawa ɗayan ya yi. Sau biyu ana fasa musu taga da dutse.

Kusa da tsakiyar birni muka tarar 'yan sanda sun tare titi saboda masu gudun yada ƙanin wani. Wata 'yar sanda ta leƙo ta tambayi abin da muke ɗauke da shi. Alhaji ya ce babu komai tukuna sai warin manja. Ta yi dariya ta nuna mana wata hanyar.

Unguwar Sinawa, bakwai da minti goma

Wanda bai sani ba zai ga babbar ƙofar nan mai ado da ke tsallake titi ya ɗauka unguwar cike take da Sinawa. Yawancinsu sun daɗe da komawa bayan gari, wajen Rockville. Jaridar ma can ta bi su lokacin da kwamfuta ta zo aka daina haruffan dalma. Baba Liyang ya koma raba ta shago-shago, har ranar da waya ta ƙwace masu karatu.

Mai gidan abincin ya buɗe mana ƙofar baya. Matakala goma sha huɗu ne, na ƙirga su da gwiwoyina. Littattafan suna jingine da bango, kowanne ya kai faɗin tabarmar salla in an ninka ta biyu, da baƙin bango da jan rubutu a ƙeya. Ni da Alhaji muka riƙa hawa da su bibbiyu. Tsohon yana ƙasa da tocila yana duba shekarun.

Matsala biyu muka samu. Ta farko, bututun ruwa ya yi yoyo, littattafai shida na ƙasa sun jiƙe, sun kumbura, suna wari. Baba Liyang ya buɗe ɗaya, shafin ya manne a yatsansa ya yage. Ya rufe shi a hankali. Ta biyu kuma, littafin shekarar farko ba ya nan.

Mai gidan abincin ya kawo mana shayi da wani burodi da ake dafawa da tururi. Alhaji ya sa na tambaya har sau biyu ko akwai naman alade, aka ce jan wake ne da sukari. Muna ci sai mutumin ya ce, "Na farkon yana wurin Madam Fong. Ita ta ɗauka ranar da aka kawo su."

Baba Liyang ya ajiye kofinsa. "To, a bar shi."

Sai da muka gama loda kaya, goma saura kwata, sannan ya gaya mana dalili. Madam Fong 'yar wanda ya kafa jaridar ce, ita ta gaji kujerar edita. Da ta yanke shawarar rufewa, ba ta gaya wa ma'aikata ba sai a ranar ƙarshe. Shi kuma ya miƙe a gaban kowa ya ce mata ta binne ubanta karo na biyu. Tun ranar ba su ƙara magana ba. Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a Springfield.

Alhaji ya tada mota ya ce mini da Hausa, "Malam, gaya masa ni ban bar kasuwa don in kai kaya babu littafin farko ba. Springfield za mu."

Na fassara, na ɗan rage zafin. Tsohon ya ce, "Ba za ta gan ni ba."

"In ta ƙi, mun sha iska," in ji Alhaji.

Springfield, goma da rabi

Muka tsallake kogin Potomac muka shiga Virginia, mil goma sha huɗu. A teburin karɓar baƙi aka sa muka rubuta sunayenmu, aka kira mai kula da Madam Fong. Sai ga wata mata da ɗankwali ta fito, ta ji ni da Alhaji muna magana, ta tsaya cak ta ce wa Alhaji, "Salamu alaikum! Baba, daga ina?" Sunanta Mariyama, 'yar unguwar Nima ce a Ankara, ƙasarsu ɗaya da Alhaji. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, suka taɓa tambayar dangi, sannan ta shiga ciki.

Ta dawo da saƙo cikin Hausarsu ta Zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Madam ya ce ku biyu ku shigo. Tsohon ya tsaya waje."

Baba Liyang ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya cire hularsa, ya wuce mu duka, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba. Daga nan ya yi magana da harshensu. Ba ta da tsawo. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: "Na faɗi magana mummuna. Kin riƙe jaridar shekaru bayan kowa ya ce ki saki. Na sani a lokacin ma."

Madam Fong ƙaramar tsohuwa ce a keken guragu, idanunta sun yi fari-fari. Sai ta amsa da Turanci, don mu ma mu ji. "Na ɓoye muku ne don na kasa kallon fuskokinku. Shigo, Liyang, kana tare wa mutane hanya."

Littafin yana ƙarƙashin gadonta cikin zanen gado. Ta ce za ta bayar, amma da sharaɗi: da ita za a je. Mariyama ta nemo izini a ofis, ta sa ta a motarta, suka biyo mu a baya. Sha biyu da minti biyar muka tashi.

Ɗakin karatu, biyu saura kwata

Jami'ar tana ɓangaren Maryland, kusan mil talatin. Cunkoso ya riƙe mu a kan gada, muka tsaya a wani gidan mai muka yi azahar a gefen mota. Ƙafar bayan nan da Alhaji ya yi ƙorafi a kanta ta yi ta kuka, amma ta kai mu.

Ma'aikaciyar da ta tarbe mu ta sa aka kawo amalanke. Da ta ga jiƙaƙƙun shidan, sai na ɗauka za ta ce a mayar. Ta shinshina, ta ce kada kowa ya ƙara buɗe su. Za a naɗe su a sa a firiza, sanyi ya tsayar da ruɓewar, daga baya masu gyaran takarda su busar da su shafi-shafi.

"Firiza?" in ji Alhaji. "Kamar kifi?"

"Kamar kifi," ta ce.

Aka buɗe littafin farko a kan tebur. Takardar ta yi ja kamar ganyen taba. Madam Fong ta shafa shafin da tafin hannu, ta ce ba ta gani, Liyang ya karanta mata. Ya sunkuya ya fara. Bai yi layi uku ba ta ɗaga yatsa ta tsayar da shi, ta ce akwai kuskure a harafi na biyar, mahaifinta ya yi ta jin haushinsa har ya mutu. Suka yi dariya su biyu, mu ma muka taya su ba tare da mun san harafin ba.

Ina tsaye ina kallon tulin nan, sai na tuna mu Hausawan ƙasar nan. Mu ma muna da masu rasuwa a nan, da masu suna, da masu neman ɗaki. Duk a saƙon waya muke yi, in waya ta lalace shi ke nan. Ni kaina shekaru nake magana a rediyo, iska tana ɗauka.

Takardar miƙa kayan layi ɗaya gare ta na sa hannu. Baba Liyang ya tura wa Madam Fong, ta turo masa. Daga ƙarshe Mariyama ta riƙe mata takardar, Madam Fong ta rubuta sunansa da harafinsu, ta rubuta nata a ƙasa. Da za a sa ta a mota ta ce masa, "Laraba ba ni da baƙi. Yaran gidan can ba mai iya karanta mini komai."

Gida, bayan magariba

Muka koma Lanham muka ajiye motar Alhaji. Ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ce in an fito da littattafan daga firiza a gaya masa. Muka iso Wheaton shida da minti arba'in, bayana kamar an daka.

Sai da na kashe mota Baba Liyang ya ciro biro da wata tsohuwar ambulan daga aljihu ya miƙo mini.

"Rubuta mini," ya ce. "Wane jirgin ƙasa ke zuwa Springfield?"

Na rubuta masa da manyan baƙaƙe: jan layi daga nan zuwa tsakiyar birni, ya sauka ya hau shuɗi har ƙarshensa. Na sa lambar Mariyama a ƙasa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Idirisu da ya juya kan mota ba tare da ya nemi yardar kowa ba, da uwargidansa, da Mariyama, da matar ɗakin karatun da ba ta ƙyamaci kayanmu ba. Na kuma gode wa maƙwabcina da ya zaɓi ƙofata ya ƙwanƙwasa. Ranar Laraba da safe ina shirin fita aiki na hango shi ta taga, ya nufi tasha da ambulan ɗin a hannu da tabaraunsa na karatu rataye a wuya.