Na Mayar da Tururuwa Likitan Ƙanwata

Har yau a garinmu cewa ake yi rake da zuma ne suka cinye idon ƙanwata, wai kwaɗayi gare ta. Ƙarya ne. Yarinyar nan ko alewa aka ba ta sai ta tambaye ni kafin ta lasa. Ni na yi ɓarnar.

Lokacin ina sakandare a Gummi, ni kaɗai ce 'yar boko a gidanmu, ba mai gaya mini magana. Ƙanwata tana ƙarama aka gano tana da ciwon suga. Inna ba ta iya kallon allura, sai aka damƙa mini komai, har maganin da muke ajiyewa a gindin randa saboda sanyi. Na gaji da kukanta safe da yamma, na gaji da hanyar asibiti da damina. Sai na ƙirƙiro dabara: in ta yi fitsari a bayan ɗaki na leƙa, in tururuwa ta taru na yi mata allura, in ba ta taru ba na ce yau lafiya lau. Inna ta taɓa tambaya ko likita ne ya ce haka, na ce ita me ta sani.

Shekaru muka yi a haka. Aka ce a riƙa kai ta awon ido, na ce mai zura wa Inna zare a allura wane awo take nema. Da ta fara zama budurwa, sai tsintar shinkafarta ta koma duk tsakuwa. Zaginta na yi, na ce lalaci ne. Sai da ƙafafunta suka kumbura muka tafi Sakkwato.

Likita ya ce suga in ya daɗe a sama, ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda yake ci a ɓoye, balaga da hawan jini kuma suna ƙara masa gudu. Ya tambayi wa ke yi mata allura. Ƙanwata ta ce yayarta ce, kuma ba ta taɓa fashi ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Idon hagu ya tafi, na dama ake tattali. Masu yaro mai wannan ciwo, kada ku jira sai kun ga alama, kuma kada ku auna da ido. Ni dai na yanke: ranar awonta ko gulbi ya cika zan kai ta, kuma zan zaunar da Inna in faɗa mata ba rake ba ne.