Zaren da Auta Ke Dafawa

Ku matso in ba ku labarin Auta, wadda sana'arta dafa zare ce. Ba wasa nake ba. A ɗakin gwajin da take aiki ana kawo ruwan da ke saura in an yi cuku. Ita ce za ta tace furotin ɗinsa, ta zuba asid, ta ɗora a wuta, ta tsaya a kansa. In ya ji zafi sai ya warware ya sake ƙulluwa, ya zama zaruruwa sirara, waɗanda gashin kai a gabansu kamar kututture yake. Masana suna ce musu amiloyid. Su suke haɗa su da gawayi su yi matatar da ke kama dalma a ruwan sha, wasu kuma na gwada ko za su kai magani cikin jiki. Ita dai Auta nata tulun gilas da ma'aunin zafi.

Tana zaune da Mama, tsohuwar da ta raini 'ya'yanta da wanki da guga. Dokar wurin aiki ita ce farar riga ba ta fita ƙofa, can ake wanke ta. Amma tun ranar da Mama ta ga hoton 'yarta cikin riga duk ta yamutse, ta ce ba a gidanta ba. Shi ke nan, duk ƙarshen mako Auta kan cusa rigar a jaka ta kawo, Mama ta wanke da hannunta, ta goge har sai ta tsaya da kanta. Shekaru ana haka.

Sai mantuwa ta fara kama Mama. Yau makulli a firji, gobe dutsen guga a kunne babu kowa a ɗakin. Yaya, babban wan Auta, direban babbar mota ne, shi ya kai su asibiti. Likita ya yi bayanin cewa a irin wannan ciwo wani furotin kan taru a ƙwaƙwalwa ya zama zare-zare, ya kuma faɗi sunansa: amiloyid. Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta dubi Yaya ba, amma ta san yana kallonta, don shi ne mai tsokanarta da wannan suna duk sanda suka haɗu.

Ta daure ta faɗa wa likita aikinta, har da batun rigar. Ya ce furotin na madara daban, na ƙwaƙwalwa daban, siffar zaren ce ta yi kama, kuma shi bai san wata shaidar cewa wancan na kawo wannan ba.

"Za ka rantse?" in ji Yaya.

"Ni ba na rantsuwa, abin da aka sani nake faɗa maka."

Suka shiga mota suka iso ƙofar gida. Nan Yaya ya yanke magana: ko ta bar aikin, ko ya ɗauke Mama ya kai ta gidansa. Auta ta ce likita ya yi bayani a gabansa. Ya ce ya ji, kuma ya ji mutumin ya ƙi rantsewa.

Makon nan Auta ba ta san abin da take ci ba. Ta ƙi barin aikin, amma in ta ɗaga tulun ta ga ruwan na sheƙi sai ta yi maza ta ajiye shi. Kanta ya yarda da likita. Ƙirjinta ne ya ƙi.

Da makon ya cika, Yaya ya zo da safe. Shi da kansa ya haɗa kayan Mama, ya kai jaka mota, ya dawo ya durƙusa gabanta ya ce ta taso su tafi. Mama ta dube shi tsaf, ta gaishe shi da ladabi, sannan ta kama hannun Auta ta ja ta kusa.

"Wane ne wannan bawan Allah? Ki ce masa ba na karɓar wanki yanzu."

"Mama, Yaya ne fa. Ɗanki."

Mama ta ƙara ƙanƙame hannun, ta ɓoye fuska a bayanta. Yaya ya miƙa hannu, tsohuwa ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi bai dubi kowa ba, ya fita. Auta ta kasa kunne tana jiran ƙarar mota, sai ta ji takunsa yana dawowa. Ya ajiye jakar a bakin ƙofa.

Ya ce Mama za ta zauna, amma da sharaɗi: rigar ba ta ƙara shigowa, kuma in Auta ta taso aiki sai ta yi wanka kafin ta taɓa ta.

Auta ta san wankan ba zai ƙara komai ba, ba zai rage ba. Ta ce to. Har yau in ta dawo, Mama na miƙo mata hannu daga kujera, ita kuma tana wucewa banɗaki tana cewa ga ta nan zuwa.