Wadda Muka Binne Ba Tamu Ba Ce

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni abin ya faru da ni, kuma Allah shi ne shaidata. Lokacin ina harkar saye da sayar da wake, ina zaune Karofi ina shiga Dutsin-Ma kusan kullum, tun hanyoyin dajinmu ba su lalace kamar yanzu ba.

Yayata Asabe ita ta rene ni, don ina goye mahaifiyarmu ta rasu. 'Yar guntuwa ce, tana ɗingishi da ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ta yi tana yarinya, kuma har na yi aure na tara iyali ba ta daina ce mini Auta ba. To wata damina aka yi annobar amai da gudawa, ta kamu, muka kai ta wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Saboda cutar, ma'aikatan suka ce su za su yi mata wanka da sutura, suka miƙo mana ita a naɗe, suka ja mana kunne kada wanda ya buɗe. Ko fuskarta ban gani ba.

A maƙabarta ni na shiga rami na karɓe ta, kuma wallahi tun da hannuna ya taɓa likkafanin gabana ya faɗi. Doguwa ce, har sai da aka ƙara wa kabarin tsawo. Na ɗago kai na ce wa kawunmu, "Kawu, wannan fa ba Yaya ba ce." Ya daka mini tsawa, ya ce baƙin ciki ne ke ruɗa ni, in yi salati. Aka rufe, aka yi addu'a, aka watse.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. In na je ziyara sai in tsaya kamar gunki, bakina na addu'a amma raina na gaya mini ba ta nan. Na yi ta zarya asibitin, wannan ya tura ni wajen wancan, har wani babba a cikinsu ya ce mini, "Malam, wanda ya mutu ya mutu, ƙasa duk ɗaya ce." Ranar na yi kuka a bakin ƙofarsu kamar ƙaramin yaro.

Wani abokin kasuwancina ne ya haɗa ni da ƙanwarsa, lauya ce a Katsina. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce gawa amana ce a hannun asibiti, in suka yi sakaci da ita doka na iya kama su. Za a fara kai koke ga hukumar da ke kula da su, in sun yi burus a shigar da ƙara babbar kotu, a nemi su faɗi gaskiya, a nemi diyya, har izinin tone kabari ana iya nema. Na ce, "Barista, ni ba diyya ta dame ni ba, so nake in san inda zan tsaya in ce ga yayata nan." Ta ce, "Ai shi ya sa za mu je, kotu ce kaɗai za ta sa su buɗe baki."

Aka shiga shari'a, yau a ɗage gobe a ɗage, har wata daminar ta zagayo. Daga ƙarshe lauyan asibitin ya amsa cewa a ranar da Yaya ta rasu sun ba wasu mutane daga wajen Kurfi gawar wata mata, amma cikin ruɗanin annoba ba wanda ya riƙe sunan ƙauyensu. Iyakar abin da na samu ke nan. Sai na hau babur na shiga bin ƙauyukan Kurfi ina tambaya.

Ranar da abin ya faru ina wajen Barkiya a ƙasar Kurfi, bayan azahar, rana fayau, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya hagu da dama. Tayata ta yi faci ina tura babur ɗin, sai na hango wata mata a gabana, guntuwa, ta lulluɓa da mayafi, tana ɗingishi. Na ɗaga murya na ce, "Baiwar Allah, nan ce hanyar gari?" Ba ta waiwayo ba. Sai kawai na ji ta ce, a hankali, kamar tana gefen kunnena, "Auta, ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Innalillahi! Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Amma ku yarda da ni, ba tsoro na ji ba a lokacin, daɗi na ji. Na yar da babur na bi ta ina kiran "Yaya! Yaya!" Ina gudu, ita tana ɗingishinta, amma tazarar da ke tsakaninmu ba ta ragu ba. Ta sha kwana bayan wata babbar kanya, ina isa na ga ba kowa, sai 'yar maƙabarta da aka kewaye da ƙaya, da wani tsoho a durƙushe yana cire ciyawa a kan wani kabari.

Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Yaro, mi ya kawo ka? Ko kai ne mai ita?"

Malam Sale sunansa. Matarsa ta rasu a asibitin nan rana ɗaya da Yaya. Ya ce doguwa ce sosai, da aka sauko da gawar ya ga 'yar guntuwa ya san ba tasa ba ce, amma 'ya'yansa suka ce ya yi shiru kada a ce tsufa ne. "Na ce a raina, ko ta wace ce, tana da masu kukanta. Shi ya sa nake gyara mata wuri, ko Allah zai sa wani ya gyara wa tawa." Na zube a wurin, na dafa ƙasar, na yi kukan da ban samu na yi ba tun ranar rasuwar.

Barista ta ce yanzu muna da hujjar neman izinin tono. Muka yi shawara da malamai, ni da tsohon muka ce a bar su su huta inda Allah ya ajiye su. Asibitin suka amsa laifinsu a gaban alƙali, suka ba mu haƙuri, aka rufe magana.

Amma ga abin da har yau na kasa fahimta. Da na ɗauko Malam Sale na kawo shi Karofi, bai taɓa taka garin ba, muna shiga maƙabarta ya wuce ni, ya ratsa kaburbura ya tsaya daidai kan na matarsa. Na ce, "Baba, wa ya nuna maka?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Wa fa? Ba ga matar tawa nan tana yafito ni tun daga bakin shinge ba?" Na duba, wallahi ba kowa.

Don haka 'yan uwa, ko wane irin hali ake ciki, ku roƙa a nuna muku fuskar mamacinku ko daga nesa ne kafin ku ɗauka, in kuma aka yi muku sakaci kada ku ji kunyar neman lauya, ba rashin tawakkali ba ne. Malam Sale ya rasu tuni, kaburbura biyu nake ziyarta yanzu. Duk sanda hanya ta yi kyau na bi ta wajen Barkiya, nakan kashe babur in tsaya in kasa kunne, ko za ta sake yi mini magana ko sau ɗaya. Ba ta sake ba.