Firigon da Ke Jan Hannu

Assalamu alaikum. Ni mace ce a Birni, cikin Damagaram. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban kuma iya doguwar magana ba, zan faɗi abin yadda ya faru. A lokacin da mijina ya rasu, ya bar mini ɗaki biyu da zaure da babban firigo mai murfi a sama. Da shi nake ci. Ina ƙulla ruwa a leda ya zama ƙanƙara, ina yin zoɓo da lemun tsamiya. Ban taɓa roƙon kowa ba, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar zafi. Moter ɗin firigon, wannan baƙar tukunyar ƙarfen da ke bayansa, ya fara gazawa. Ya yi ta gurnani, ya yi ƙyat ya tsaya, sai ya huce ya sake tashi. Daga baya jikin firigon ya fara jan hannu. Na kira mai gyara. Ya durƙusa ya duba, ya ce moter ya ƙone daga ciki, kuran, wato wutar lantarki, na bin ƙarfen, a cire a sa wani yau ba gobe ba. Sai dai kafin a samo irinsa za a yi kwanaki firigon na kashe. Na ce masa mai ƙanƙara ba ta kashe firigo cikin azumi, ya bari sai bayan salla. Ya ce shi dai ya faɗa. Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ni kuma na sami dabarata: in jiƙa tsohon buhu in ɗora kan moter ɗin don ya huce, in kuma sa silifas na roba duk lokacin da zan taɓa shi. Da silifas ɗan tsirr kawai nake ji a yatsa. Na saba.

Ana cikin haka Yaya ta zo daga Dakusa ganin likitan ido, ta sauka wurina. Ita ta goya ni bayan rasuwar uwarmu, ita ta yi mini aure. Mace ce da ba ta iya zama hannu sake. Ranar da ta zo ta karɓe ƙullin leda daga hannuna, tana cewa ƴan birni ko ruwa ba mu iya ƙullawa ba. Na ce mata in za ta shiga ɗakin firigo ta riƙa sa takalmi. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa shiga ɗakin mutum da takalmi ba, balle ɗakin da ake haɗa abin da masu azumi za su sha, ba da tsufanta birni zai koya mata rashin kunya ba. Ta ɗaga ƙafa ta nuna mini faso, ta ce wannan ta taka ƙaya ta taka kunama, ta fi silifas ɗina kauri. Muka yi dariya. Ban faɗa mata abin da mai gyara ya ce ba. Na san in ta ji za ta sa in kashe firigon, ni kuwa ban iya musu da ita ba.

Wata la'asar zaure ya cika da masu sayen ƙanƙarar shan ruwa. Ina miƙa wa wannan, ina karɓa wurin wancan. Na ji moter ya yi ƙyat, na ce a raina bari in sallami mutane in je. Yaya ta gama alwala kenan, ƙafarta da hannunta jiƙe. Ta sha ganin yadda nake yi da buhun, sai ta ɗauka ta tsoma a bokiti don ta rage mini aiki. Ban ji kururuwa ba. Ƙarar faɗuwar bokiti kawai na ji, ban ma tashi nan take ba, sai da na sallami mutum ɗaya. Da na zo, takalmanta na bakin ƙofa a jere, na tsallake su na shiga. Tana durƙushe a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunta na damƙe da ƙarfen bayan firigon. Na fizge waya daga bango, Yaya ta sulale. Kafin mu kai likita ta cika, da azuminta a baki.

Na tafi Dakusa zaman makoki, na kai har bayan salla. Kowa ya ce ajali ne. Mijinta ya yi mini godiya a kan ɗawainiyar da na yi da ita. Ba wanda ya tambaye ni komai. Da an zage ni da na fi samun sauƙi.

Da na dawo, ɗakin wayam. Ƙanena ya sayar da firigon don kada in dawo in gan shi. Ya sayar wa wani mai yawo da amalanke yana sayen tsofaffin kaya. Na tambaye shi me ya faɗa wa mutumin. Ya ce ya faɗa masa yana sanyi sarai, moter ne kawai ke ɗan zafi. Na zaga kasuwa, na bi rumfunan masu gyara, na tambayi masu amalanke. Wani ya ce irin wannan ba a fasa shi a sayar da ƙarfe, goge shi ake yi a kai wa mai buƙata. Wani ya ce ƙila an yi garin Mirriya da shi. Ban same shi ba. Yanzu waina nake toyawa. In na wuce kanti na ji firigo ya yi ƙyat, sai in tsaya in duba ƙafafun mutanen da ke wurin.

Abin da na koya ba shi da yawa. Lalacewar da ka saba da ita, kai kaɗai ka san yadda ake kauce mata, baƙonka bai sani ba. In mai gyara ya ce a kashe, a kashe. In kuma ka ƙi, to ka faɗa wa mutanen gidanka gaskiyar gaba ɗaya, kada ka ba su rabi don kunya ko don ciniki. Na kuma roƙi duk wanda ya sayi tsohon firigo hannun mai amalanke a Damagaram ko kewayenta ya duba. Fari ne, an ɗaure murfinsa da waya ta baya, gefen hagu ya lotsa. In shi ne a ɗakinku, kada ku jira salla. Ku cire wayar wutarsa daga bango yanzu.