Saiwa Mai Ɗaci a Kicin ɗin Inna Bakhita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 4 ga Nuwamba 2014, Allah ya karɓi ran Inna Bakhita a gidanta da ke Abbasiya, a Alƙahira, bayan tarin da ta daɗe tana ce mana mura ce. Ta tafi daidai lokacin da sanyi ya fara leƙowa ta tagogi, lokacin da muka saba jin ƙamshin tukunyarta tun daga ƙasan bene.

Inna, na zauna in yabe ki, amma haushinki nake ji, kuma sai na faɗa.

A 2011 na biyo maigidana daga Gusau, ya zo karatu. Hunturun farko ya kwantar da ni, ban san kowa ba. Sai ga ki kin hauro daga gidanki da ke ƙasan namu da kwano a rufe, kina yi mini sannu da Hausarku ta mutanen Sudan. Na buɗe na ga romo tsinkakke, ba manja, ba daddawa, sai wasu jajayen 'ya'yan itace da kika ce magaryar Sin ce. Na kai hannu ga kwalbar yaji, kika buge hannun. "Ya bitti, 'yata, wannan ba farfesun garinku ba ne. Sha haka nan." Na sha ina yatsina fuska, kina tsaye a kaina har na ga ƙasan kwano.

Wurin maƙwabciyarki kika koya, matar wani ɗalibi Musulmi ɗan ƙasar Sin. Ba wadda ke jin harshen wata, da ido da hannu kuka yi karatun. Tun daga nan, duk shekara idan zafi ya ja baya, sai ki ɗora babbar tukunya: kaza, ɗanyar citta, magaryar nan, da wasu saiwoyi da ke kaɗai kika san su. Wuta ƙasa-ƙasa, yini guda, wanda ya ɗaga murfi ya sha faɗa. Ɗaliban da suka ci moriyar tukunyar nan ba sa ƙirguwa, ko da yake rabinsu sai sun faki idonki sun barbaɗa yaji.

Sau nawa 'yarki Fatuma ta ce ki koya mata? Sau nawa na roƙa? Amsarki ɗaya ce: bukra. Gobe. Muka ce ki je asibiti a duba tarin nan, kika ce bukra. Ko Misirawa masu kalmar ba su kai ki iya ta ba.

Ga abin da bukra ta bar mana. Fatuma ta haihu ana saura kwanaki ki rasu. Ta zubar da jini, ga jego ga makoki, ba abin da ke shiga bakinta. Romon da kika yi mata alkawari kaɗai take ambato. Na buɗe kabad ɗinki na tarar da ƙulle-ƙullen leda, ba ɗaya mai suna. Na ɗebi kaɗan daga kowanne na dafa. Da na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Habu mijin Fatuma ya ce ko a gyara da yaji, na harare shi, na zubar da tukunyar ina kuka.

Washegari na kwashi ƙulle-ƙullen na kai wa Malam Ya'ƙub, ɗan Sin ɗin da kike sayayya a shagonsa. Ya ware na romo, ya nuna mini gwargwadon kowanne. Wata baƙar saiwa kuwa ya ture ta gefe. "Wannan ba ta miya ba ce," in ji shi da Larabci. "Ta ciwon ƙirji ce. Tun bara waccan take saya. Na ce mata wannan ba za ta isa ba, ta ga likita. Ta ce bukra."

Ashe kin sani, Inna. Kina tsare mu kan kwano kina cewa rigakafi ya fi magani, alhali kina juya baya kina jiƙa taki saiwar a ɓoye. Na san kwana idan ya ƙare ba likitan da ke ƙara shi, amma da kin faɗa, da ko ɗaukar tukunyar mun hutar da ke. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Na sake dafawa yadda ya nuna. Fatuma ta shanye kwano guda, ta ce ya yi kusa da naki. Ba ta nemi yaji ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Fatuma da Habu, da dangi na Sudan, da duk wanda ya taɓa riƙe kwanonki. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya jaririyar da ta ci sunanki. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya shayar da ke daga Alkausara. Gobe ɗaya ce ta rage miki yanzu, Inna, gobe ƙiyama. Allah ya kyautata miki ita.