Yadda Maiwada Ya Yanka Namun Dajin Amurka

Malam Maiwada bai taɓa zuwa Amurka ba, bai kuma taɓa cewa yana so ya je ba. Duk da haka, a shekarar 1401 ta hijira ya yanka namun dajinta tamanin da huɗu cikin yini biyu, yana zaune a ɗakin ajiya na wata makarantar kuɗi a unguwar Jurf, a Madina.

Mutumin Tasawa ne. Ya baro gida yana saurayi, a ƙasa, ya yi shekara huɗu a hanya, uku daga ciki yana tsinkar auduga a Sudan. Da ya sauke farali sai ya zo Madina ziyarar kwana takwas, ziyarar da har yanzu bai gama ba. Ya yi ga-ruwa, ya yi hawan dabino a gonakin Badr har ranar da ya faɗo ƙugunsa ya goce, daga nan ya nemi aikin da ake yi a ƙasa. Makarantar ta ɗauke shi farrashi: shara, dafa shayin malamai, da riƙe makullin ɗakin da ake ajiye taswira da alli da hotunan bango. Tsararrakinsa da yawa sun zama 'yan ƙasa, shi kuwa kullum gobe zai je ya nema. Saboda haka iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannun mai makarantar. In aiki ya tafi, iƙama ta tafi, in iƙama ta tafi, Madina ta tafi. Shi kuma ba shi da burin da ya wuce a rufe shi a Baƙi'a.

Akwai wata al'ada da ya koya daga wani tsohon malamin makarantar. Duk hoton abu mai rai da ya shigo ɗakin, a kan ja masa jan layi a wuya, a nuna an raba kai da gangar jiki. Malamin ya rasu, al'adar ta zauna a hannun Maiwada. Shekara goma sha tara yana yi, da jan biro da rula, raƙumi ko kaza ko kifi. Kifi ne kawai ke ba shi wahala, don ba a sanin inda wuyansa yake.

Wata Asabar aka sauke akwatin katako a ƙofar ɗakin. Mudir, shugaban malamai, ya ce, "Ajiye shi, ya ammi," wato baffa da Larabci, ya wuce. Maiwada ba ya ajiye abin da bai duba ba. Ya buɗe, ya tarar da manyan hotuna talatin a kan takarda mai kauri, da rubutun Turanci a ƙasansu. Duwatsu masu ƙanƙara, ruwan zafi yana tsartuwa daga ƙasa, itatuwan da mutum goma ba za su rungume ba. A gabansu kuma ga bauna, ga barewa, ga gaggafa, ga wata dabba mai gashi da Larabawa ke kira dubbu. Dukkansu da wuyansu lafiya lau. Ya yi bisimilla ya ɗauko rula.

Ranar Juma'a ta huɗu da zuwan akwatin Shittu ya zo cin tuwo. Shittu ɗalibi ne a jami'a, mutumin Kwantagora, ya yi boko kafin ya zo, kuma ya gano cewa a duk Jurf babu mai miyar kuka kamar Innayatu, matar Maiwada. Bayan an wanke hannu Maiwada ya ja shi makaranta ya karanta masa rubutun.

"Baba, wannan darasi ne a kan gandun daji," in ji Shittu. "Sun ce baunan nan da miliyoyi ne a ƙasarsu. Aka yi ta harbe su har suka koma 'yan ɗaruruwa. Sai hukuma ta keɓe wurare, ta hana farauta da sare itace."

"To ai dokar Haraminmu na Madina ke nan. Sai yanzu suka ji labari?"

"Sun ji a makare. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka tsira, ga shi kai ka ƙarasa su."

Maiwada ya yi dariya har da buga cinya. Shittu ya zaro wata takarda daga gindin akwatin, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya daina dariya.

"Baba, ba kyauta ba ce fa. Aro ne. Yana zagaya makarantu, kowa wata ɗaya. Ranar Laraba mai zuwa mufattishi, mai duba makarantu, zai zo ya duba kafin akwatin ya wuce gaba. Sun ce a mayar yadda aka karɓa."

"Yadda aka karɓa?"

"Haka aka rubuta. Da Turanci da Larabci."

"Da Larabci ma?"

"Ga shi nan a baya."

Maiwada yana karanta Larabci. Bayan takardar ne kawai bai juya ba.

Mai makarantar mutum ne da ke yafe sata idan ƙarama ce, amma ba ya yafe abin da zai kunyata shi a gaban hukuma. Ya taɓa sallamar direba saboda mufattishi ya tarar da shi yana barci a motar yara. Maiwada ya san wannan, don shi ya riƙe wa direban jaka har bakin titi.

Ya ɗauki kwana huɗu yana neman abin da ke goge jan biro. Innayatu ta ce lemun tsami. Lemun tsami ya bar layin, ya sa takarda ta kumbura. Wani mai wanki a Uhudu ya ce madara. 'Yarsa Murja, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Larabci, ta ce kananzir, ta ƙara da cewa da ma an tambaye ta tun farko. Kananzir ya yi aiki. Maiwada ya gwada a wuyan dubbu, layi ya tafi, wuya ya tafi, kai ma ya bi su. Aka bar dabba tsaye a bakin rafi da kifi a rataye a iska, inda bakinta yake a da.

"Malam, ka je ka faɗa wa mudir mana," in ji Innayatu.

"In ce masa me?"

"Ka ce ka yi yanka, ba ka tambayi mai dabbar ba."

Bai je ba. Tuwo ma ya daina shiga.

Ranar Laraba da hantsi mufattishi ya iso, Ustazu Abdussamad, dogo, baƙi, da tabarau. Duk wanda ya ga fuskarsa ya san daga inda kakanninsa suka taso, amma Larabci kawai yake yi. Mudir ya rako shi ɗakin ajiya. Maiwada ya jera hotunan a jikin bango, ya sa dubbu a can ƙarshe, a bayan ƙofa.

Ustazu ya bi su ɗaya ɗaya. Ya tsaya a kan garken bauna goma sha ɗaya, kowace da nata layin, har ta can nesa wadda ba ta fi ƙwayar gero ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Mudir ya leƙa, ya gani, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yi wannan?" in ji mudir.

"Ni ne," in ji Maiwada. Ya shirya dogon bayani tun jiya, amma iyakar abin da ya fito ke nan.

Ustazu ya janyo ƙofa, ya yi ido biyu da abin da ya rage na dubbu. Ya daɗe yana kallo.

"Yara sun gan su?" ya tambayi mudir.

Mudir ya fara magana a kan yawan ayyuka da jarrabawa. Ustazu ya bar shi ya gama. Sannan ya ce wannan ce makaranta ta shida da akwatin ya zagaya, kuma a biyar ɗin farko ya tarar da ƙusoshinsa yadda masassaƙi ya buga su. Nan ne kaɗai aka samu wanda ya kalli kowane hoto, har ma fiye da yadda aka nema. Ya tambayi Maiwada ko ya san abin da ke ciki. Maiwada ya maimaita abin da Shittu ya gaya masa, da harbin da keɓewar, ya ƙara da cewa mutanen sun gano hana sare itace ne bayan sun kusa cinye ƙasarsu.

"Tayyib," in ji Ustazu. Ya buɗe takardarsa, ya ƙirga hotuna talatin, ya rubuta talatin.

Mudir ya ce, "Layukan fa, ya ustaz?"

"Takardata adadi ta tambaya. Ba ta tambayi ko suna da rai ba."

Ya ƙara wa makarantar mako biyu, ya ce a rataye su a baranda yara su gani, ammi Maiwada kuma ya tsaya ya yi musu bayani, tunda shi ne ya fi kowa sanin dabbobin. A bakin ƙofa ya juyo, ya rage murya, ya yi wata Hausa mai nauyi kamar an ciro ta daga ƙasan adaka: "Baba, biro... a huta."

Bayan azahar Maiwada ya koma gida, ya tarar da tukwane a ɗaure cikin zani, tabarmi a naɗe a jingine.

"Wannan fa?"

"Na ce kada a zo ana gaggawa," in ji Innayatu. "Yaya aka yi?"

"Kwance. Muna nan."

Ta dube shi, ta dubi ƙullin, ta ce ita sai da ta yi awa biyu tana ɗaurewa. Ya zauna a ƙasa ya kwance da kansa, ya miƙa mata tukunyar tuwo, ya tambaya ko akwai sauran kuka.