Na'ibin da Aka Cire

Ranar Talata, 14 ga Maris 1995, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ranka, Malam Ja'afaru, a gidanka na Ƙofar Kuyambana. Shekara shida ke nan takardar da ta kira ka mai sakaci tana cikin fayil ɗinka. Waɗanda suka rubuta ta sun zo jana'iza, har a sahun gaba suka tsaya. Na gan su.

Tare muka yi aiki a ofishin da ke auna ruwan rijiyoyin birni. Ni nake tattara ma'auni, kai kake kula da kwamfutar da ke adana shi. A akwatinta akwai kati biyu masu lura da zafi da fankoki. Ɗaya na aiki, ɗaya na jira, in na farko ya gaza na biyu ya karɓa nan take. Kai ka sa musu suna liman da na'ibi. Kowace Alhamis da hantsi sai ka zare liman, ka tsaya har fitilar na'ibi ta kama, sannan ka mayar. Na taɓa yi maka ba'a, ka ce, "Malam Lado, a bar shi ya riƙa jan salla, mu ji karatunsa tun liman na da lafiya."

Da idona ya fara rauni, kai kake zama bayan an tashi kana karanto mini lambobi. Ba ka gaya wa kowa ba.

A 1989, kana hutu, darekta ya sa aka cire na'ibi aka kai wani ofis, wai zaune yake ba ya aikin komai. Ni na sa hannu a takardar fitarsa. Da ka dawo ka rubuta ƙorafi sau uku. Wata Asabar cikin zafin Afrilu liman ya lalace, fankoki suka tsaya, faifan ajiya ya ƙone. Takardun asali kuwa tuni an ba masu tsire, tunda an ce kwamfuta ta zo. Kwamitin bincike ya ce zare katin da kake yi ne ya jawo. Aka tambaye ni, na ce ban sani ba. Ƙarin girma nake jira, har na yi ritaya bai zo ba. Kai aka kora, darekta ya ci gaba.

Duk da haka, kowace Juma'a kai kake fara miƙo mini hannu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni ma Ya yafe mini. Hajiya Rahmatu, ke da yara, Allah Ya ba ku haƙuri. Yara, ku sani mahaifinku bai yi sakaci ba; na faɗa yau, da sunana.

Abin da ya ƙone ranar nan ma'aunin rijiya ɗari biyu da sha ɗaya ne, na shekara goma sha huɗu. Ba a sake auna su ba.